Hannun Ƙarfen Tabawa

Hannun ƙarfen ya sauko a hankali riƙe da kwarkwaron lalle, ya ɗiga ɗigon farko a bayan hannun Uwale. Ya ja siririn layi, ya lanƙwasa shi ya zama ganye, ya soma zagayen fure. Nan take injin da ke wuyan hannun ya ɓarke da kuka, ƙiiiii, kamar an taka wa kyanwa wutsiya.

Uwale ta fizge hannunta ta miƙe tsaye. "Ke Tabawa, cizo yake yi?"

"Ba ya cizo. Zauna mana, maƙwabciya."

"In zauna? Abin da ke kuka haka ai yunwa yake ji." Ta suri mayafinta ta fice da rabin fure a hannu.

Tabawa mai lalle ta shekara talatin da takwas tana yi wa amaren Gusau ƙunshi, tun garin bai yi sama ba, tun kafin a shimfiɗa jirgin da ke shawagi tsakanin benaye ba direba. Yanzu tana hawa na goma sha biyu ita da mijinta Malam Barau wanzami. Da bayanta ya fara damunta, sai 'yarta ta aiko mata da kwalin haɗa-da-kanka, irin wanda mutane ke saye don nishaɗi. Sati uku ta yi da tabarau a karan hanci tana ɗaura sukurori, har hannun ƙarfe ya tsaya a kan teburinta.

Yadda yake aiki ba wuya. Akwai safar hannu da ake kira safar koyo. Mutum ya sa ta ya yi zane, ita kuma ta haddace kowane motsi ta miƙa wa hannun. A kowace gaɓa akwai ɗan inji, masu gyara suna ce masa sarbo, Tabawa kuwa injin gaɓa take cewa. Aikinsa ya juya daidai inda aka umarce shi, ya tsaya cak. Guda biyar suna yin haka lafiya lau. Na wuyan hannu ne kawai ya ƙi.

Ga shi ranar Alhamis amarya za ta zo da ƙawaye goma sha ɗaya.

Malam Barau yana gefe yana wasa aska. Ya ce, "Ni dai askata shekara arba'in ba ta taɓa yi wa kowa ihu ba."

"Malam, in ba za ka taya ni ba, ka bar ni da abin da ya dame ni."

"Ina taya ki mana. Ki ba shi koko."

Tabawa ta jawo hannun ƙarfen gabanta. Ta kwance murfin injin ta duba haƙoran giya ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya gutsure. Ta shafa giris. Kuka. Ta ce ko wuta ce ba ta isarsa, ta canja batir. Kuka. Ta raba wayoyin da suka harɗe, ta ƙara ɗaure kowane sukuru. A ƙarshe ta cire injin ɗungurungum ta sa na ajiya da ya zo a kwalin, sabo dal. Ya yi ganye biyu shiru, har ta fara murmushi, sai ya rangaɗa wanda ya fi na farko.

Washegari da hantsi ta naɗe hannun a zani, ta hau jirgi zuwa Kasuwar Ƙarafa, rumfar Lantana mai gyara. Lantana mace ce mai kimanin shekara talatin, ba ta da yawan magana sai in inji ya ba ta sha'awa. Ta saurari bayanin duka, ta gyaɗa kai.

"Iya, duk abin da zan fara yi kin riga kin yi shi. Bari mu tambaye shi da kansa."

Ta jona hannun da allonta, ta ba shi zanen gwaji na masana'anta. Ya zana da'ira da murabba'i tsit, ko numfashi babu. Ta sa safar koyo a nata hannun ta zana wata karkatacciyar fulawa. Ya kwaikwaya, shiru.

Tabawa ta riƙe haɓa. "Au, munafuki ne? A gaban mutane sai ya yi ladabi?"

"Sa safar, Iya."

Tabawa ta sa. Ba ta ma fara zane ba, hannunta na tsaye kawai a iska, injin ya kama ƙiiiii. Ta cire, ya yi shiru. Ta mayar, ya dasa.

Lantana ta juyo da allon. Layi biyu ne a kai. Na sama a miƙe yake sumul. Na ƙasa kuwa tsitstsinke yake kamar bakin zarto.

"Na sama hannuna ne, na ƙasa naki. Injin nan lafiyarsa ƙalau. Shi ba ya gardama, abin da aka ce masa shi yake yi. Safar tana ce masa je dama, dawo hagu, je dama, sau shida a daƙiƙa ɗaya, tazarar ba ta kai kaurin gashi ba. Yana ta ƙoƙarin cika umarni, shi ne kukan da kike ji." Ta sassauta murya. "Hannunki na rawa, Iya. Ido bai isa ya gani ba tukuna. Gyaran injin minti biyar ne, zan sa masa rariya ta tace rawar. Amma ke, don Allah ki je asibiti."

Tabawa ta daɗe tana kallon hannunta. Hannun da ya ciyar da 'ya'ya huɗu, ga shi a tsaye ƙyam kamar kullum. Sai ta ce, "To. Sa rariyar tukuna, ina da amarya."

Ranar Alhamis hannun ƙarfe ya yi wa mata goma sha biyu ƙunshi ba ko tari, Tabawa na kishingiɗe tana ba da umarni tana shan kunun aya. Uwale ma ta dawo aka ƙarasa mata furenta.

Likita ya tabbatar da maganar Lantana. Ya ce ciwon jijiya ne da ya saba ɓoyewa shekara biyar ko shida kafin ya bayyana, kuma wanda aka kama da wuri haka ana iya riƙe shi. Ya ba ta magani da wani awarwaro mai kwantar da jijiya. Ta dawo gida tana juya shi a hannu kamar na zinariya.

Daga nan fa bakin Tabawa bai ƙara rufuwa ba. Ta ba da labari a gidan suna, ta ba da a jirgi, ta ba da a gidan rediyo. Mutane suka yi ta tururuwa rumfar Lantana a sa musu safa, aka gano ciwon mutum goma sha tara a wata biyu. Masu ƙera kwalin suka fitar da sabon samfuri mai jin abin da ya fi wancan ƙanƙanta sau goma, suka sa masa suna Ma'aunin Tabawa. Har hotonta aka manna a tashar jirgi. Malam Barau kan tsaya a ƙarƙashinsa ya ce wa masu wucewa, "Matata ce. A gida ba ta murmushi haka."

Bayan wata bakwai Hukumar Sana'o'in Hannu ta birnin ta fitar da doka. Duk mai taɓa jikin mutane ko tufafinsu da ƙarfe ko allura, sai ya sa safa kafin a sabunta masa takardar aiki. Malam Barau ya tafi da sabuwar hula yana raha da 'yan layi. Ya sa safar. Ma'aunin ya yi ɗan ƙiii, gajere, kamar kukan sauro.

Likita ya duba shi sama da ƙasa ya ce ba ciwon komai, shekaru ne kawai, kowa ya kai saba'in yana da irin wannan. Ya rubuta takarda. Ma'aikacin hukumar ya karanta, ya ce ya yarda da likita, sai dai fom ɗin gida biyu gare shi, ya yi kuka ko bai yi ba. A ranar wanzamai da teloli da ungozomomi sittin da uku suka koma gida ba takarda.

Barau ya rufe shago. Bai yi ƙorafi ba, da dare ma ya ci tuwonsa har da ƙari. Ranar Juma'a da safe sai ga tsofaffin abokan cinikinsa su biyar a ƙofar gida, kowa da hularsa a hannu. Babbansu ya ce doka ta hana shago, ba ta hana zumunci ba. Aka shimfiɗa tabarma a baranda, aska ta kama aiki, ana ta shewa.

Tabawa ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon yadda askar ke bin ƙeyar tsohon nan sumul, ko ƙwarzane babu. Ta ɗauki mayafi ta nufi Kasuwar Ƙarafa.

Ta tarar da Lantana cikin kwalayen sababbin ma'aunai har rufi. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "'Yar nan, rariyar da kika sa wa nawa, ba za a sa wa na hukuma ba? Ya riƙa jin ciwo, ya bar tsufa?"

"Za a iya, Iya. Aikin minti biyar ne. Na rubuta wa masu ƙera shi sau uku."

"Suka ce me?"

Lantana ta jawo wani ƙaramin kwali ta ajiye a gabanta. Hoton Tabawa ne a jiki, tana murmushi.

"Suka aiko da wannan. Na baɗi ne. Ya fi na bana ji sau ɗari, ni ma da na sa safar sai da ya yi kuka."