Ƙarfen da Ya Koma Gida

Daren Talata mai wanki ya ji wata ƙara a bayan katangarsa. Ba kukan mage ba ne, ba kuma ƙarar ƙyaure ba. Ƙiii, a tsaya, ƙiii, kamar tsuntsun ƙarfe yana koyon kuka. Ya ƙirga takwas, barci ya kwashe shi.

Da safe tirelar maƙwabcinsa direba ta ɓalle daga jikin mota a gangaren kasuwa, ta bi ta kan teburin mai lemo. Aka kai mai lemo asibiti da ƙafa biyu a karye. Kafin azahar 'yan sanda sun kulle mai walda, domin shi ya ƙera ƙarfen da ke tokare mahaɗin tirelar don kada ta riƙa rawa.

Sufeto ya kwanta a ƙarƙashin motar ya daɗe, har kofur ya zaci barci yake yi. Ramuka biyu ya gani inda ake ɗaure tokarin, sumul, babu yagewa. Ƙarfen da ya karye yakan bar haƙoransa a wurin. Wannan ko ɓurɓushi bai bari ba.

A ofis ya sa aka fito da mai walda.

"Aikinka ya kusa kashe mutum."

"Yallaɓai, in aikina ne ya karye, a nuna mini guntunsa. Noti biyu na ɗaure, sai da na taka sifana da ƙafa."

"Ina ka samo ƙarfen?"

"Direba ya kawo. Kore ne, ƙarfen gefen gado, har da zaren katifa a jiki. Na huda shi, na liƙa masa kunne. Har na ce masa in motar ta fara minshari kada ya zo wurina."

Sufeto bai yi dariya ba. Ya sa aka kira direba.

"Ka duba tokarin kafin ka tashi?"

"Kullum sai na duba, yallaɓai. Yana nan daram."

"Ƙarfen fa, daga ina?"

"A wurin 'yan gwangwan na saya."

Yana faɗi yana kallon fanka. Sufeto ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ranar Alhamis ya je layin da ake ajiye motar. Mai wanki ya bar guga ya kwaikwaya masa ƙarar nan sau takwas, har da lumshe ido.

"Noti mai tsatsa," in ji Sufeto a hankali. "Wa ke gidan direba?"

"Shi da yayansa tela, sai tsohuwarsu."

A tsakar gidan akwai bulo uku a jingine, kowanne da koren fenti a kansa. Tela ya fito da tef a wuya.

"Bulon nan na mene ne?"

"Gyara za mu yi."

"Miƙo hannunka."

Baƙin maiƙo ya maƙale a ƙarƙashin farcensa.

"Man keken ɗinki ne, yallaɓai."

"Man keke fari ne kamar ruwa. Ina Inna? In gaishe ta."

Tsohuwar tana zaune a kan wani koren gado, ƙarama, kamar an ajiye ta an manta. Sufeto ya durƙusa.

"Inna, ya ƙarfin jiki? Ana samun barci?"

"Kwana biyun nan dai na yi, ɗan nan. Mako uku ina kan bulo, in na juya sai gadon ya juya da ni. Babban ne ya gyara mini, Allah ya yi masa albarka."

Sufeto ya ɗaga zanin gadon. Ga ƙarfen nan ɗaure da waya, da ramuka biyu, da kunnen walda, yana warin giris.

Tela ya zauna a ƙasa.

"A kan gadon nan Baba ya rasu. Sau uku ina ce wa ƙanena ya mayar da ƙarfen, yana cewa gobe. Ni na kwance shi daga motar. Na ɗauka zai gani da safe, tunda kullum cika baki yake wai yana dubawa."

Direba, wanda kofur ya shigo da shi ya riƙe a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai.

"Ban duba ba," ya ce. "Na makara."

"Ku biyun za ku bi ni," in ji Sufeto. "Kofur, a saki mai walda. Ka kwance ƙarfen, shaida ne."

Aka ɗauke Inna aka ɗora a kan kujera. Kofur ya warware wayar, gadon ya karkata gefe guda kamar mai sauraron wani abu a ƙasa. Aka fita da 'ya'yanta biyu, ƙarfen na gaba.

Mai wanki yana tsaye a ƙofar gida, dutsen guga ya huce a hannunsa.

"To, yallaɓai, ita Inna a kan me za ta kwana yau?"

Kofur ya dubi Sufeto. Sufeto ya buɗe ƙofar mota.