Ƙashi Na Ashirin Da Bakwai

Ni ne Dogo, mai sharar ɗakin gwaje-gwaje a wata kwaleji a Gusau. Karatuna a firamare ya tsaya, amma a tsokana na yi digiri.

Malam Nathaniel, mai koyar da ilimin halittu, ba ya son hadda. Kullum maganarsa: "Ku rufe littafi, ku taɓa, ku ƙirga." Ranar gwaji ya ce kowa ya ƙirga ƙasusuwan hannun tsohon kwarangwal ɗin da ke rataye a kusurwa. Ni kuwa tun da safe na kwance wayar da ta ɗaure su, na zare ƙashin kan ƙaramin yatsa, na jefa aljihu. Don dariya kawai.

Duk ajin suka rubuta ashirin da bakwai, yadda suka haddace. Tambaya, wata ɗaliba 'yar Tsafe, ita kaɗai ta ƙirga. Ta rubuta ashirin da shida.

Malam bai duba ba, ya ja mata jan biro. Aka yi ta dariya, har da ni. Ta ce gobe za ta kwashe kayanta ta koma gida, kimiyya ba tata ba ce.

Gab da magariba na koma in mayar da ƙashin a ɓoye. Babu wuta. Warin maganin jiƙa kwaɗi ya cika ɗakin. Famfo na ɗiga.

Sai na ji raɗa daga kusurwa.

"Ashirin da biyar. Ashirin da shida."

Shiru.

"Ɗaya. Biyu."

Na yi sallama. Ba a amsa ba.

Wani abu mai sanyi ya riƙe wuyan hannuna. Yana latsawa, gaɓa bayan gaɓa.

"Ashirin da bakwai," aka ce daidai kunnena. "Kai naka ya cika."

Aka fara jan ƙaramin yatsana.

Na cilla ƙashin, na fizge, na ruga a guje, na bar takalmi ɗaya.

Da safe na tarar da ƙashin a teburin Malam, bisa takardar Tambaya. A gaban aji na faɗi abin da na yi, kaina a ƙasa. Malam ya cire tabarau, ya juya wajenta.

"Ki gafarce ni, Tambaya. Ke kaɗai kika yi abin da na koyar."

Ba ta tafi ba. Amma ta daina ce mini Baba Dogo.

Yatsan nan kuwa, har yau ko na soka masa allura ba na ji.