Baiwa da Illa Mai Gyaran Keke

Ranar da Baiwa ta fara ganin Illa, keken mahaifinta ta turo cikin kasuwar Matamaye, sarƙarsa ta tsinke tana jan ƙasa. Ƙarshen kakar shekarar 1956 ne, cinikin gyaɗa ya buɗe, masu rake daga Dungu sun jera dami-dami a bakin hanya. Aka nuna mata wani sabon mai gyara a gindin tsamiya.

Saurayi ne dogo, marar yawan magana. Ya karɓi keken ya kifa shi, ya shiga aiki. Sai da ya zo haɗa sarƙar ta lura yatsu biyu na hannunsa na hagu sun gajarce. Ya ga ta gani, bai ɓoye hannun ba, sai ma ya ɗaga mata shi.

"Kuturta ce," in ji shi. "Na warke shekara biyu ke nan, ina da takardar likita. In kina ƙyama, akwai wani mai gyara gaban mahauta."

"Ni keke na kawo gyara, ban zo duban hannu ba," ta ce. "Za ka gama yanzu, ko in nemi wurin zama?"

Ya dube ta, dariya ta ƙwace masa. Ta zauna a kan benci, ta ɓare rakenta, ta miƙa masa gaɓa ɗaya. Ya daɗe yana kallon raken kafin ya karɓa.

Baiwa ɗiyar Malam Shekara ce, mai bishara, wanda ke jagorantar 'yan gidajen Kirista bakwai da ke garin. Shi kuwa Illa mutumin Icirnawa ne. Ciwon ya kama shi yana ɗan shekara sha uku, kawunsa Garba ya kai shi wani asibitin mishan a ƙetaren iyaka. Can ya yi shekara shida yana shan magani, can ya koyi karatun boko da gyaran keke, can kuma ya karɓi bangaskiya. Lahadin da ta biyo bayan haɗuwarsu, Baiwa ta waiga cikin ɗakin addu'a ta hango shi zaune a bakin ƙofa, shi kaɗai a tabarma.

Kullum da safe Malam Shekara yakan tsaya gindin tsamiya a ba tayarsa iska kafin ya tafi ƙauyuka. Bai san cewa ƙarƙashin sirdin kekensa ya zama gidan waya ba. Da ya dawo da la'asar, Baiwa za ta karɓi keken da sunan sharewa, ta zaro 'yar takarda.

"Zuwa ga Baiwa, uwar gardama. Jiya da kuke waƙa muryarki kaɗai na ji, har baitin da na sani ya ɓace mini. In laifi ne ki faɗa in daina. Ni ne Illa."

Washegari amsa ta koma ta hanyar da ta zo.

"Gwanina, laifi ne babba, amma kada ka daina. Kuma ka bar zaman bakin ƙofa kamar baƙo. Baiwa."

Malam Shekara yana da al'ada. In saura Lahadi huɗu a yi Kirsimeti, yakan ɗauki kalma ɗaya kowace Lahadi ya yi wa'azi a kanta. Ta farko ita ce bege. Ranar ya yi magana a kan mutanen dā da suka yi ɗaruruwan shekaru suna jiran Mai Ceto ba su fid da rai ba, ya ce bege na wanda duniya ta riga ta cire shi daga lissafi ne. Illa ya ji kamar da shi ake. Cikin makon nan ya aiko kawunsa Garba, dattijo Musulmi mai mutunci, da ƙwaryar goro.

Malam ya karɓe shi da girmamawa, aka sha fura, aka yi hira. Kashegari ya mayar da goron.

Ya kira Baiwa ya ce mata shi ba zai yi mata dole ba, ta zaɓi wanda take so, amma ban da Illa. Ya kuma ambaci Sha'ibu, ɗan amininsa, ma'aikacin ofis a Damagaram, wanda ya zo hutu yana yawo da takalmin fata, yana kiran Kirsimeti "Nowel". Baiwa ta tambayi laifin Illa. Malam ya ce ba shi da laifi, amma ciwon nan ba a gama saninsa ba, kuma shi yana tunanin jikokinsa. Ta ce akwai takardar likita. Ya ce magana ta ƙare.

Lahadi ta biyu wa'azin salama aka yi. Bayan an tashi, mata suka fito da kunu kamar yadda aka saba, ludayi yana zagawa daga hannu zuwa hannu. Na Illa kuwa a wani tsohon kofin ƙarfe ake zuba masa, wanda ake ajiyewa can bisa katanga. Baiwa ta daɗe tana ganin haka tana haɗiyewa. Ranar ta tashi daga cikin mata, ta ratsa fili, ta karɓi kofin daga hannunsa, ta kafa kai ta sha, ta mayar masa.

Kowa ya zuba musu ido. Illa ya ce a hankali, "Baiwa, me kika yi?"

"Ƙishirwa nake ji," ta ce.

A gida Malam ya yi faɗa irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ya ce su 'yan kaɗan ne a garin nan, idon kowa na kansu, ita kuma ta zaɓi ranar salama ta raba kan jama'a. Ta durƙusa a gabansa kamar yadda ta saba, amma ba ta sassauta murya ba.

"Baba, kai ka koya mini cewa Almasihu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, tun ma bai warke ba. Wannan ya warke, muna ware masa kofi. In salamarmu sai an ajiye mutum ɗaya a bakin ƙofa take zama, ni ban gane ta ba."

Malam ya tashi ya shige ɗakinsa. Daga ranar ya daina tsayawa gindin tsamiya, ya sayi famfon kansa.

Sha'ibu ne ya je gindin tsamiyar. Ya zauna kamar mai ba da shawara, ya ce wa Illa kowa ya san Baiwa da taushin zuciya, ko akuya ta gani da karaya sai ta yi kuka. Ya ce abin da ta yi tausayi ne, aikin lada, kuma namiji mai tunani ba ya barin yarinya ta ɓata da ubanta saboda tausayinsa. Maganar ta sami Illa daidai inda yake da rauni, don tun yana yaro ba abin da ya tsana kamar kallon tausayi.

Ranar Asabar Illa ya tare Inna Sa'a, mahaifiyar Baiwa, a kasuwa, ya durƙusa ya roƙe ta ta kai wa Baiwa takarda. Ta dube shi, ta soke takardar a bakin zane ta wuce.

"Baiwa, na gode da alherinki. Amma na sha tausayi shekara shida, ya ishe ni. Ba zan raba ki da Malam ba. Litinin zan bi mota zuwa Kano. Ki yafe mini. Illa."

Lahadi ta uku ta farin ciki ce. Malam ya ce farin cikin da aka yi wa makiyaya albishir da shi na dukan mutane ne, ba na waɗansu ba. Tabarmar bakin ƙofa ba kowa. Da aka tashi waƙa, Baiwa wadda ita ke ba da baiti ta rufe bakinta. Aka jira ta, ta ƙi. Waƙar ta tafi da ɗingishi har ta mutu a tsakiya.

Litinin da hantsi ta yafa gyale ta nufi tasha. Ta iske Illa yana miƙa akwatin kayan aikinsa bisa wata babbar mota da aka yi wa lodin gyaɗa. Ta kama igiyar akwatin ta riƙe.

"Wa ya ce maka tausayinka nake ji?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce ba sai an faɗa ba.

"Dube ni, Illa. Wanda nake tausayi tuwo nake kai masa. Ban taɓa rubuta masa takarda ba, ban taɓa ƙin barci don bai ba ni amsa ba. Kai kuwa ko tausayin ba ka cancanta ba, tunda har za ka gudu ka bar ni da faɗan da muka fara tare."

"To me kika gani a wurina?" in ji shi.

"Mutumin da ya ɗaga mini hannunsa bai ɓoye ba. Shi nake so. Ban san wannan mai gudun ba."

Direba ya danna ƙaho, fasinjoji suna ta leƙe. Illa ya ce a sauko masa da akwatinsa.

"Uwar gardama," ya ce, idonsa ya cika da hawaye. "In Malam bai yarda ba fa?"

"Sai mu jira. Ba inda za ni, kai ma ba inda za ka."

Kafin ta kai gida labari ya riga ta. Inna Sa'a ta ja ta bayan rumbu, ta ba ta surfe, suna yi tana ba ta wani labari da ba a taɓa faɗa a gidan ba. Mahaifiyar Malam, Mariyama, da ciwon nan ta rasu. A zamanin babu magani. Aka yi mata bukka a bayan gari, shi yana ƙarami yake kai mata abinci, ya ajiye daga nesa, tana kiran sunansa ba shi da iznin matsawa. Tun daga nan bai sake ambatonta ba.

Baiwa ta ajiye taɓarya. Duk fushin da ta tara ya sauka, amma niyyarta ba ta motsa ba. Ta iske mahaifinta a zaure yana shirin wa'azi, ta zauna kusa da ƙafafunsa. Ta ce masa ba za ta gudu ba, ba za ta yi aure sai da albarkarsa ba, amma kuma ba za ta auri kowa ba in ba Illa ba, ko da furfura za ta same ta a ɗakin Inna. Sannan ta yi ƙasa da murya.

"Baba, da a ce maganin nan ya zo da wuri, Kaka Mariyama ta warke ta dawo gida, a ina za ka zaunar da ita?"

Malam ya rufe littafinsa. Ya ce ta tashi ta tafi.

Kwana biyu bai yi mata magana ba. Ranar Alhamis ya tafi gindin tsamiya da ƙafa, ya ce Illa ya ba shi takardar likitan nan. Ya hau mota zuwa Damagaram, ya nemi likita, ya yi tambayoyin da suka shekara talatin suna cinsa. Likita ya karanta takardar, ya bayyana masa cewa wanda ya gama shan maganin ba ya sa wa kowa, kuma ciwon ba gado ba ne. Asabar ya dawo.

Lahadi ta huɗu ɗakin addu'a ya cika, don kowa ya san kalmar ranar ƙauna ce, kowa kuma yana son ya ji yadda Malam zai yi da ita. Ya miƙe ya dubi jama'a.

"'Yan'uwa," ya ce, "mako uku ina gaya muku abin da ni kaina ban yi ba. Na kira abin da ke zuciyata hankali, na kira shi kula da iyali, ashe tsoro ne. Allah da muke jiran haihuwar Ɗansa bai ajiye mana ceto daga nesa ya koma ba. Ya zo har inda muke, ya zauna tare da mu. Ɗiyata ta riga ni gane wannan."

Ya taka har bakin ƙofa, ya kama hannun Illa na hagu, ya kawo shi sahun gaba ya zaunar da shi kusa da kansa. Ya ce a gaya wa Garba ya dawo da goronsa.

Sha'ibu bai tsaya shan kunu ba. Washegarin Kirsimeti ya koma Damagaram.

Aka ɗaura aure ranar Asabar ta ƙarshen shekara. Mutanen Icirnawa suka zo da jakuna da buhun gero, maƙwabta Musulmi suka cika ƙofar gida, masu raken Dungu suka aiko dami uku kyauta. Ba kowa ya zo ba. Gida biyu cikin masu bi sun ƙi, wata gwaggon Baiwa kuma ta aiko cewa ba ruwanta. Da aka gaya wa amarya, ta ce a ajiye musu rabonsu na tuwo, in sun huce ƙofa a buɗe take.

Da la'asar, kafin a kai ta ɗakinta, aka durƙusar da su biyu gaban iyaye. Illa ya raɗa mata ko tana jin tsoro.

"Kai dai riƙe ni da kyau, gwanina," ta ce.

Malam Shekara ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kan Illa. Ya roƙa musu zaman lafiya da haƙuri da juna, da gida mai yawan baƙi da yawan dariya. Sai ya tsaya ya share ido.

"In Allah ya ba ku ɗiya," ya ce, "ku sa mata Mariyama. Ina so in riƙa kiran sunan nan a tsakar gida."

Kawu Garba ne ya fara cewa amin, sannan duk gidan ya ɗauka.