Mai Jitar da Ya Murɗe Har Ƙarshe

A wani gari an yi wani makaɗin jitar lantarki mai son a ji shi. Jitar tana da abin murɗa ƙara, amfilifaya, wato akwatin da ke fitar da sautin, ita ma tana da nata. Kullum sai ya murɗe na jita har ƙarshe, ya murɗe na akwati har ƙarshe. Sauti ya yi ta kwaramniya kamar tsohon injin niƙa, shi kuwa yana lumshe ido.

Wani tsoho mai kalangu ya ce masa, "Ɗana, bar na akwatin a tsakiya, ka rage na jitar kaɗan. Ka bar wa kanka wurin hawa."

Ya ce, "Baba, kalangu ai ba shi da waya."

Ranar bikin 'yar Sarkin Pawa, uwar biki ta ce wa mai jita, "Malam, da amarya ta fito ka ɗaga kiɗa, kowa ya waiwaya."

Amarya ta fito. Ya murɗa na jita, yana ƙarshe. Ya ruga ya murɗa na akwati, yana ƙarshe. Hayaniyar da ake ji tun azahar ita ake ji, ba wanda ya waiwaya. Sai tsoho, da ke kaɗawa a hankali, ya matse kalangu ya zuba kiɗa. Nan take guɗa ta tashi.

Aka sallami tsoho da cinyar rago, mai jita da ƙashi.

Ƙashin nan ba ɓargo a cikinsa. Na sani, don ni na tsotse shi.