Haruffan Yumɓu na Auta

Akwai wata yarinya da ake ce wa Barkono a gidansu, saboda bakinta. Ba ta barin ta-kwana. Tana da ƙane guda, Auta. Shi kuma shiru-shiru ne, ga in'ina. Kafin ya fitar da kalma ɗaya sai ya yi ta fama.

A tsohuwar makarantarsu, Auta ya sha wuya. In malami ya ce ya tashi ya yi karatu, sai bakinsa ya sarƙe. Yara su yi dariya, malami ya ɗauko bulala. Kullum da safe sai ya riƙe ciki yana kuka. Mama ta kai shi asibiti, likita ya ce lafiyarsa ƙalau, tsoro ne kawai.

Hankalin Mama ya tashi. Ta yi ta roƙon Baba, har ya yarda aka sauya musu makaranta.

Sabuwar makarantar daban take. Da safe yara sukan cire takalma su shiga lambu, su ba shuka ruwa. Akwai zomaye a keji. Babu bulala, babu na ɗaya, babu na ƙarshe. Ƙananan yara a farantin yashi suke koyon rubutu da yatsa. Wani lokaci kuma su mulmula haruffa da yumɓu.

Auta ya daina ciwon ciki. Duk harafin da ya mulmula, sai ya kawo gida ya shanya a bakin taga.

Ran nan sai ga Gwaggo, yayar Baba, ta zo. Ta tarar da su sun dawo, riguna duk laka.

Ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Daga makaranta kuke ko daga gona?"

Ta ɗauko gwangwanin madara daga kan tebur, ta miƙa wa Auta. "Zo nan, ɗan Gwaggo. Karanta min abin da ke jiki."

Auta ya kalli gwangwani, ya kalli ƙasa. "Ba... ba... ban..."

Gwaggo ta leƙa shagon Baba da ke jikin gidan, inda yake fere ƙafar kujera. Ta ce, "Kai kuma kana nan kana buga ƙusa, ana mayar maka da yara masu kiwon zomo! Nawa ɗan sa'ansa ne, amma har allon talla yake karantawa a hanya. Ka mayar da su inda ake karatu na gaske."

Mama ta yi tsuru-tsuru, tana murɗa bakin zanenta. Amma Barkono ta yi tsalle ta dire.

"Ba za mu koma ba, Gwaggo! Can dukansa ake yi!"

Mama ta ce, "Ke! Gwaggon taki kike ɗaga wa murya?"

Baba ya fito yana kakkaɓe garin katako daga hannunsa. Ya ce, "Za mu gani. In aka yi hutu ban ga wani ci gaba ba, za su koma."

Maganar nan ta tsaya wa Barkono a rai. Ta ce a zuciyarta, ko ana so ko ba a so, sai Auta ya iya karatu kafin hutu. Ta haka za ta rufe bakin Gwaggo.

Washegari da suka dawo, Mama tana ɗinki a tsakar gida. Barkono ta ɗauko guntun katako daga shagon Baba. Ta ja Auta cikin ɗaki, ta tura ƙofa. Ta buɗe littafinta na aji babba.

"Zauna. Yau ni ce malama. Karanta nan."

Auta ya ce, "Yaya, bari in ɗauko yu... yumɓuna."

"Babu wani yumɓu! Wasa ya ƙare. Karanta!"

Ta buga katakon a kan tebur. Auta ya firgita. Ya kalli littafin, rubutu ya yi masa yawa kamar tururuwa. Ya juya yana kallon haruffansa da ke bakin taga.

Haushi ya kama Barkono. Ta kwashe su duka, ta watsa cikin bokitin wanki. Nan take suka fara narkewa, ruwan ya koma ja.

Auta bai yi kuka ba. Ya dai tsaya yana kallon bokitin.

Daga ranar ya daina magana. In aka tambaye shi, sai ya girgiza kai. Da safe ya riƙe ciki, ya maƙale a bayan ƙofa, ya ƙi sa takalmi.

Mama ta rasa inda za ta sa kanta. Ta taɓa goshinsa, ta duba idonsa. "Auta na, wa ya taɓa min kai? Ko a sabuwar makarantar ma dukanka suke?"

Baba ya ce, "Kin gani ko? Ashe duk ɗaya ne. Gara su koma inda aka sani."

Barkono ta sunkuyar da kai. Abin da take gudu, ga shi ita da kanta ta jawo.

A makaranta ta kasa ba shuka ruwa. Ta zauna a gindin bishiya. Malamarsu ta zo ta tsuguna kusa da ita.

"Yau Barkono babu yaji? Ina ƙanenki?"

Sai hawaye. Ta faɗa wa Malama komai, har da katakon, har da bokitin.

Ta ƙara da cewa, "Ni fa ba mugunta na yi ba. So nake ya yi sauri, kar a raba mu da nan."

Malama ba ta yi faɗa ba. Ta kama hannunta, ta kai ta ƙarshen lambu. Ta nuna mata tumatir da ya yi ja, da wani ɗan dashen lemo da bai wuce gwiwa ba.

"Kin tuna rana ɗaya muka dasa su?"

"Na tuna, Malama."

"To, je ki ɗauko katakon naki. Ki daki lemon nan har sai ya yi 'ya'ya yau."

Barkono ta yi dariya cikin hawaye. "Ai karyewa zai yi."

Malama ta ce, "Haka ƙanenki yake. Yana tafiya, amma da ƙafarsa. Kin san harafi nawa ya riga ya gane a yumɓun nan? Ba wasa kika narkar ba, karatunsa ne."

Malama ta ƙunsa mata yumɓu a leda. Ta ce, "Kar ki koya masa. Ki ce shi ya koya miki."

Da ta isa gida, ta fara zuwa wurin Mama da Baba. Ta durƙusa ta ce, "Ba makaranta ba ce. Ni ce."

Mama ta dafe ƙirji. Baba ya ajiye guduma, ya kalle ta sosai. Ya ce, "Je ki gyara abin da kika ɓata."

Ta sami Auta a bayan ƙofa. Ta zauna a ƙasa, ta buɗe ledar. Ta mulmula wani abu karkatacce.

"Auta, ka yafe min. Duba, wai harafi nake so in yi. Ka ga ya fito kamar ƙadangare."

Auta ya leƙo. Ya daɗe yana kallo. Can sai ya matso, ya karɓe yumɓun.

"Ba... ba haka ba ne, Yaya. Ka... kawo."

Daga ranar, kullum da yamma sukan zauna su biyu. Shi ne malami, ita ce ɗaliba. In ya gaji, su bari. Bakin taga ya sake cika.

Da hutu ya zo, sai ga Gwaggo. Ko mayafi ba ta cire ba, ta ɗauko gwangwanin madara.

"To, mai zomaye, zo mu ji."

Barkono ta tashi ta tsaya a gaban ƙanenta. Wannan karon ba ta ɗaga murya ba.

"Gwaggo, ki yi haƙuri. Bai kai nan ba tukuna. Zai kai, amma ba yau ba."

Gwaggo ta ce, "Kun ji min yarinya!" Ta juya wurin Mama. "Ke kuma kina zaune?"

Mama ta ɗago kai. Ta ce, "Gwaggon yara, ni ban yi karatu mai zurfi ba. Amma a da ni nake shafa masa ciki kullum da safe. Yanzu shi yake tashina, wai kar ya makara. Ba zan mayar da shi inda yake kuka ba."



Sai Auta ya je bakin taga. Ya zaɓo haruffa ya riƙo a rigarsa. Ya zo gaban Baba, ya jera su a ƙasa a hankali. Ya ɗora yatsa a kai.

"Ba... ba. Baba. Kai ne nan."

Baba ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki Auta ya ɗaga shi sama. Ya ce, "Babu inda za ku koma."

Gwaggo ta taɓe baki, amma idonta na kan haruffan. Ta ce, "To, ni kuma ina nawa sunan?"

Auta ya ce, "Naki do... dogo ne, Gwaggo. Sai yumɓu ya ƙaru."

Kowa ya fashe da dariya, har da ita. Da yamma Baba ya ƙera ɗan kanta na katako, ya kafa a bango, aka jera haruffan a kai.

Yara, kowane yaro da lokacinsa. Wani yana da sauri, wani a hankali yake tafiya, kuma duk za su isa. In kuna son ƙaninku ya koya, ku taimake shi da haƙuri, ba da tsawa ba. In kuma za ku kare gaskiya a gaban manya, ku tsaya a kanta, amma cikin ladabi.