Muryar Mu'az a Kundin Shifa'u

Ranar da Shifa'u ta fara zuwa Sharada babu wanda ya yarda ya yi mata magana. Ta tsaya a bakin get ɗin wani kamfanin roba da 'yar rikoda a hannu, ma'aikatan safe suna fitowa, duk wanda ya kalli rikodar sai ya sauya hanya. Digiri na biyu take yi a fannin lafiyar al'umma, bincikenta kuma a kan yadda ƙarar injina ke cinye kunnen ma'aikata ne.

Wani dogon saurayi mai shuɗiyar rigar aiki ne ya wuce, sannan ya dawo da baya. Ya yi sallama da ƙarfi har ta ɗan firgita. Ya ba ta haƙuri yana dariya, ya ce wanda ya wuni kusa da injin niƙa roba ba ya sanin ƙarfin muryarsa. Sunansa Mu'az, ɗan Gumel, shekararsa bakwai a kamfanin, shi ne shugaban 'yan shif ɗin safe.

Ya gaya mata gaskiya: mutanen tsoron kora suke yi. Kuma an sha zuwa ana yi musu tambayoyi, a tafi a rubuta da Turanci, a ajiye a kantar littattafai, su ba su ƙara jin labari ba.

"To in na gama, ya kake so in yi da shi?" ta tambaye shi.

"Ki yi shi yadda wanda bai iya karatu ba zai ji da kunnensa, tun kunnen bai gama tafiya ba."

Wannan magana ta bi ta har gida Hotoro. Jami'arsu ta fara karɓar kundin bincike ta kwamfuta, ana ɗora shi a intanet kowa ya gani. Shifa'u ta roƙi malaminta ya bar ta ta saka murya a cikin nata: kowane babi da taƙaitaccen bayani da Hausa, da hirar ma'aikata, mutum ya danna a wayarsa ya saurara. Malamin ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya amince.

Mu'az ya zama jagoranta. Ya kai ta kamfanonin jimar fata a Challawa, ya haɗa ta da abokansa a Bompai. Kowa ta sauya masa murya ta ɓoye sunansa. Shi kaɗai ya ce a bar tasa yadda take, domin in babu wanda ya fito fili, za a ce ƙirƙira ta yi.

Ba su san ranar da hirar aiki ta koma wata aba daban ba. Ita dai ta lura tana duba waya ƙarfe biyu, lokacin tashinsa. Wata Laraba saƙo ya shigo:

"Malamata, yau babu rikoda, babu tambaya. Ni ne da tambaya. In na turo manyana wurin Malam mahaifinki, za ki ji kunyar a ce ma'aikacin kamfani ne?"

Ta karanta sau uku kafin ta amsa: "Kunyar me, Bagumalena? Ka turo. Addu'a nake tun kafin ka tambaya."

Mahaifinta, Malam Sanusi, malami ne mai karantar da manya a zaurensa. Ciwon suga ya rage masa gani, Shifa'u ce ke karanta masa abin da ya shige masa duhu. Ya karɓi manyan Mu'az da mutunci, amma da suka tafi ya ce shi bai san asalin yaron ba, kuma aikin da za a iya sallamar mutum da safe ba abin jingina 'ya ba ne. Ga Sagir, ɗan amininsa, ma'aikacin gwamnati, ya daɗe yana nema. Shifa'u ba ta yi musu ba. Ta shiga ɗaki ta yi kukanta.

Kundin ya hau intanet bayan sallar layya. Cikin mako biyu ma'aikata suna tura wa juna shi a waya, har ya kai kunnen manajan kamfanin. Ya gane muryar, ya dakatar da Mu'az.

A ranar ne kuma Sagir ya tare shi a bakin titi, ya sauke gilashin mota, ya ce masa cikin ruwan sanyi ai yarinyar ta samu digirinta, amfaninsa ya ƙare, ya kama gabansa.

Mu'az bai gaya mata ko ɗaya ba. Ya kashe waya, ya tafi Dakata yana lodin kaya a manyan motoci. Ita kuwa ta ɗauka maganar mahaifinta ce ta sa ya janye ba ko sallama. Sai bayan kwana goma wani abokin aikinsa ya ba ta labarin dakatarwar. Ta samu Mu'az a gindin wata tirela, ƙura har gira. Ta ce yau ɗin nan za ta sa a sauke kundin.

"Kada ki taɓa shi," in ji Mu'az. "Ni na ce a bar muryata. Abu ɗaya nake son sani. Don digirin ne kawai?"

Ta dube shi ido cike da ƙwalla. "Digirin na samu tun watan jiya. Me ya kawo ni Dakata cikin ranar nan?"

Ya sunkuyar da kai, ya nemi gafararta.

Ba a yi wata ba saƙo ya zo daga wata ƙungiyar masu kula da ɗakunan karatu na jami'o'i: kundinta ya ci lambar yabo ta sabuwar fasaha a kundin bincike na intanet. Malam Sanusi ya yi hamdala, ya ce a karanta masa abin da aka yaba. Ta ce wannan ba sai an karanta ba, Baba. Ta danna, ta ajiye wayar a kan buzunsa.

Muryar Mu'az ta cika zauren. Yana ba da labarin Baba Idi, wanda ya koya masa aiki, da ya shekara ashirin a gaban inji, yanzu sai ya ga mutane sun miƙe yake sanin an kira salla. Bai zagi kowa ba. Ya ce masu kamfani ma mutane ne, wataƙila ba su sani ba, abin toshe kunne kuwa ba shi da tsada.

Malam ya sa aka maimaita. Ya tambaye ta ko wane ne, ta faɗa masa, har da abin da maganar ta jawo masa. Ya ja carbinsa, ya juyo wajenta.

"Kuma bai ce a cire ba?"

"Ni na ce zan cire, Baba. Shi ya hana."

"Ki ce ya zo ya same ni bayan la'asar."

A wurin bikin ba da lambar, Shifa'u ta gode wa Allah, ta gode wa iyayenta da malaminta, sannan ta ce dabarar saka murya ba tata ba ce, ta wani ma'aikaci ce, ga shi can a kujerar baya. Mu'az ya miƙe da ƙyar, kunya kamar ta kashe shi, ɗakin ya ɗauki tafi. Labarin ya fita a rediyo. Mai kamfanin da kansa ya saurari kundin, ya sa aka mayar da Mu'az, aka ba shi kula da lafiyar ma'aikata a bakin aiki. Abin da ya fara yi shi ne raba abin toshe kunne, ɗaya bayan ɗaya, da hannunsa.

An ɗaura auren ranar Juma'a a Hotoro. Ma'aikata suka zo mota biyu, daga Sharada da Challawa da Bompai, har layin ya cushe. Sagir ma ya zo, ya miƙa wa ango hannu, Mu'az ya karɓa da hannu biyu.

Shifa'u na ɗaki cikin ƙawaye wayarta ta yi ƙara.

"An ɗaura, matar Mu'az. Na gode wa Allah, na gode miki."

Da yamma, kafin a kai ta ɗan gidan da Mu'az ya kama a Zawaciki, gwaggonta Hansatu ta shigar da su zaure su yi sallama. Malam Sanusi ya laluba ya kamo hannun Mu'az, ya ce da farko ya yi masa hukunci tun bai san shi ba, ya yafe masa.

Mu'az ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ku da kuka ba ni Shifa'u, me ya rage da zan yafe?"

Tsohon ya ɗaga hannu. Ya roƙi Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuri'a mai albarka, ya sa su amfani mutane har ƙarshen rayuwarsu. A tsakiya ya tsaya ya share ido da gefen rawani, sannan ya ƙarasa. Duk zauren ya amsa da amin.