Gilashin da Ya Shafe Zanen Gobir

A wani ɗaurin aure a Kamarawa Hafizullahi ya fara ganin Hadiyya. Mai ɗaukar hoto ne daga Sabon Birni. Yana ƙoƙarin murɗa filta a bakin kyamararsa, wato siririn gilashin nan mai zobe da ke tace haske, sai ta kuɓuce masa ta gangara har gaban takalmin wata yarinya.

Ta ɗauka, ta kanga a ido, ta ce duniya ta yi hazo. Ya yi mata bayanin cewa mai laushi ce, tana ɓoye ƙuraje da tabo, amare na sonta ƙwarai.

"Ashe ƙarya kaka saidawa, Mai Hoto."

Ya yi dariya. Bai kamata ya yi ba, don gaskiya ta faɗa masa.

Daga nan hanyar Isa, garin su Hadiyya, ta zama tasa. Ya koya mata cewa kowane idon kyamara da faɗinsa, a jikin murfi ake duba lambar, kuma filtar da ba ta dace ba in an matsa mata sai ta ci zaren. A hankali ake murɗawa, da yatsa biyu. Ita kuwa ta koya masa yin sallama kafin ya ɗaga kyamara a fuskar mutum, abin da ya kamata a ce tun a gida ya koya.

Ya kan rubuta mata: "'Yar Gobir, yau na ɗauki faɗuwar rana a bakin gulbi, ban ga abin da ya kai ki ba."

Ta kan amsa: "Da wane gilashi ka duba, Mai Hoto?"

Mahaifinta, Malam Ibrahima, manomi ne mai zanen Gobirawa raɗau a kumatu, daga gefen baki har kusa da kunne. Ranar walimar saukar ƙanenta, Hafizullahi ya so ya burge. Ya ɗaura mai laushin nan, ya tsayar da dattijon cikin hasken tsakar rana, ya wanko hoto babba har da firam. Fuska ta fito sumul kamar ta yaro, zanen ya dushe.

Dattijon ya daɗe yana kallo. Wani Jabir mai shagon wayoyi, wanda ya jima yana son Hadiyya, ya leƙo ya ce ai samarin zamani kunyar zanen suke ji, shi ya sa ya goge. Malam Ibrahima ya kife hoton. Ya aika a gaya wa Hafizullahi cewa wanda ya share abin da uwayensa suka sa masa a fuska ba zai riƙe masa ɗiya ba.

Jabir munafunci ya yi, amma ba shi ya murɗa gilashin ba.

Saƙon Hadiyya ya fi na uban zafi: "Hotunana da kake yabo, da gilashin nan ka ɗauke su? In haka ne, wace fuska kake so, tawa ko ta gilashin?"

Da shi ɗin kuwa ya ɗauka. Ya zauna ya tono hotunan aikinsa, ya ga amare da yawa da fuska iri ɗaya. Daga baya ya rubuta: "Da shi ne. Na yi kuskure. Za ni zo gona in gyara, ko Baba ya kore ni."

Lokacin yankan gero ne. Ya tarar da Malam Ibrahima da wansa, Baffa Alhassan, suna ɗaure dammuna, gumi na ƙyalli a fuskokinsu. Ya durƙusa ya gaishe su. Bai kare kansa ba. Ya fito da filta biyu ya ajiye a kan tabarma, ya nuna wadda ta yi ɓarnar, sannan ya ɗaura ɗayar, mai duhu-duhu, wadda ke kashe ƙyalli. Ya roƙi dattijon ya kalli wansa ta cikin kyamara, ya juya zoben gaba da kansa.

Malam Ibrahima ya karɓa da ƙyar. Ya juya. Ƙyallin gumi ya janye daga kumatun Baffa Alhassan, zanen ya fito layi-layi, sararin sama ya yi shuɗi a bayansa. Ya ce haka fuskar mahaifinsu take.

"Wanga shina kauda abin da ya rufe mutum," in ji shi. "Wancan shi ka rufe shi. Kai kana da duka biyu, ka zaɓi wancan. Don mi?"

"Don in faranta maka, Baba."

"To ba a faranta mani da abin da ba ni ba."

Baffa Alhassan ya ce a ɗauke shi da sauri kafin wuyansa ya sage. Aka yi dariya. Malam Ibrahima ya ɗauki mai laushin ya jefa a aljihu, ya ce Hafizullahi ya turo magabatansa bayan an shigar da gero rumbu.

An ɗaura aure a Isa. Hadiyya ta sa sharaɗi ɗaya a kan hoton amarya: gilashi fari kawai, mai kare idon kyamara daga ƙura. Ƙaramin tabon da ke goshinta tun faɗuwar ƙuruciya ya fito sarai, kuma shi ne hoton da ke rataye a ɗakinsu a Sabon Birni.

Mai laushin nan kuwa tana wurin mahaifiyar amarya, ta mai da ita murfin kwanon kwalli.

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Ya sa su ci gaba da ganin juna yadda suke.